Ƙuri'a ta faɗo kaina a yanki na 62: ta ina zan fara shirin farautar barewa mai kunnen alfadari?

Bakatsinen Aurora ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekara biyu ina shiga ƙuri'ar da hukumar kula da namun daji ta jihar Kolorado take yi, ina fitowa hannu rabbana in ban da makin fifiko guda ɗaya da ake ƙara wa mutum duk shekarar da bai dace ba. Bana da na cike takarda kafin wa'adin farkon Afrilu ban sa rai ba, sai ga sakamako ya fito da sunana: lasisin namijin barewa mai kunnen alfadari, wadda mutanen nan suke kira mule deer, a yanki na 62, zangon bindiga na uku, wato cikin Nuwamba. Yankin shi ne gefen gabas na tudun Uncompahgre, sama da garuruwan Montrose da Delta, kuma ban taɓa taka shi ba.

Na yi kwas ɗin koyar da farauta da doka ta wajabta wa duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1949 zuwa yau, ina da bindiga mai cin harsashin .270, kuma ina zuwa filin koyon harbi sau biyu a wata. Iyakar guzurina ke nan. Farautar da na sani ita ce ta gida, wadda na riƙa bin yayyena ina yaro da rani: karnuka, gora, kiɗa da kirari, a tayar da zomo ko gada a bi da gudu. Na lura wannan wata duniya ce dabam.

Matsalata ita ce lokaci. Daga Aurora zuwa Montrose tafiyar wajen awa biyar ce, kuma abin da zan iya samu a wurin aiki shi ne ƙarshen mako biyu kafin Nuwamba, sai kwana biyar na farautar kanta. Shin in kashe ƙarshen makon nan biyu a Agusta, lokacin da aka ce mazan suna fitowa fili ana ganinsu, ko in jira Oktoba? Me ake dubawa in an je, tunda dabba ba ta zama wuri guda? Kuma mene ne abin da sabon shiga yake mantawa har sai ya isa daji? Ba babban ƙaho nake nema ba, nama nake so da kuma in dawo gida lafiya.

Baba Maharbi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, ɗana, Allah ya sa a fara a sa'a. Zan fara da abin da ya fi ɓatar da sababbin shiga, domin ni ma ya ɓatar da ni a shekarata ta farko: barewar da za ka gani a Agusta ba za ka tarar da ita a wurin ba a Nuwamba. Da damina mazan, waɗanda ni nake kira kishimi kamar yadda muke kiran namijin barewa a gida, suna can saman tudu wajen ƙafa 9,000 zuwa sama, ƙahonsu lulluɓe da fata mai laushi kamar karammiski, kuma saboda ƙahon bai yi ƙwari ba suna guje wa ƙurmi, suna kiwo a fili rukuni-rukuni. Mutum ya gan su sai ya ɗauka aiki ya ƙare. Farkon Satumba sukan goge fatar a jikin itatuwa, rukunin ya watse, kowane ya shige duhuwa ya rage fitowa da rana. Kafin zangonka ya zo sanyi da dusar ƙanƙara sun fara koro su ƙasa, lokacin barbara kuma ya ƙarato, don haka kishimin da ya yi wata biyu yana ɓuya zai fara bin mata. Ka ga ke nan abin da za ka je koyo kafin lokaci ƙasar ce, dabbar kuma sai ranar.

Tudun Uncompahgre yana da sauƙin karantawa in ka fahimci cewa tsirrai hawa-hawa suke. A can sama akwai itatuwan aspen masu farin jiki da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura. In ka gangaro sai ka shiga ƙurmin gajerun itatuwan oak da sauran ƙananan tsirrai da barewar take ci, domin ita ba mai kiwon ciyawa ba ce kamar saniya, ta fi kama da akuya, tsinken ganye da toho take yi. Ƙasa da nan sai dajin pinyon da juniper, sannan filayen wani gajeren tsiro mai launin toka da ake kira sage, har ka sauka kwari inda gonaki suke. A Nuwamba yawanci tsakiyar nan ake neman su, tsakanin oak da juniper, amma daidai wane hawa, yanayin makon ne yake yanke hukunci. In an yi dusar ƙanƙara mai kauri za su sauka, in kaka ta yi ɗumi za su tsaya sama. Saboda haka kada ka je da wuri guda a zuciyarka. Ka tanadi uku, ɗaya sama, ɗaya tsakiya, ɗaya ƙasa, kuma ka san hanyar kowane.

Aikin farko a ɗakinka za ka yi shi. Hukumar tana da taswirar mafarauta a intanet wadda take nuna inda barewa take damina, inda take hunturu, da hanyoyin da take bi tsakani. Inda launin wurin damina da na wurin hunturu suka haɗu a taswirar nan ne gonarka. Ka ɗora wannan a kan Google Earth, ka karkatar da hoton yadda za ka ga tsaunin kamar kana tsaye gefensa, ka nemo tuddan da in ka zauna a kansu za ka hango gangare biyu ko uku lokaci guda. Gefen gabas na tudun nan kwazazzabai ne masu zurfi suka yanyanka shi, irin su Escalante da Roubideau, kuma abin da yake wahala ga mai tafiya alheri ne ga mai kallo, domin daga wannan gaɓa kana ganin waccan gaɓar tas. Ka zaɓi wurin da rana za ta fito ta bayanka da safe, ta haska gangaren da kake kallo. Bayan haka ka buga waya ofishin hukumar na Montrose. Kada ka tambaye su ina barewa take, kowa haka yake tambaya. Ka ce ga wurare uku da na zaɓa, wanne ne ya fi cika da mutane, wanne ne hanyarsa take mutuwa in an yi ruwa.

Game da ƙarshen makonka biyu, ni da zan raba su: ɗaya a ƙarshen Agusta ko Satumba don ka koyi hanyoyi da rana tsaka, ka hau tuddan da ka zaɓa ka tabbatar itace bai tare maka gani ba, ɗaya kuma a Oktoba. In kana tafe ka riƙa duba tsohon kashi da ya bushe ya taru wuri guda, da ƙananan itatuwan da aka goge wa ɓawo bara, da ƙahon da ya faɗi, domin waɗannan su ne shaidar inda dabbar take zama in sanyi ya shigo, ba sabon sawu ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne zai fi yi maka wuya a matsayinka na wanda ya tashi cikin farautar gora: za ka koyi zama. Wannan aikin ya fi kama da na maharbin da yake ɗaura kan burtu yana rarrafe, ba na masu kiɗa da karnuka ba. Ka sayi madubin hangen nesa mai ƙarfin 10x42, wato mai kusanto da abu sau goma, ka ɗora shi a kan sanda mai ƙafa uku, domin hannu yana rawa kuma ido ba ya kama motsi in hoton kansa yana motsi. Ka isa tudunka tun da duhu, ka raba gangaren gida-gida, ka bi kowane gida a hankali. Ba za ka ga barewa sukutum ba. Za ka ga farin gindi a ƙarƙashin juniper, ko kunne guda da ya motsa, ko reshen da ya yi kyau fiye da kima, sai ka ƙura ido ka ga ashe ƙaho ne. Na taɓa yin awa biyu ina kallon gangare guda har na fara naɗe kaya, sai wani dutse mai launin toka da na wuce ta kansa sau biyar ya miƙe ya yi miƙa. Kuma ka kula da iska: da asuba tana gangarowa ƙasa tare da sanyi, in rana ta ɗumama ƙasa sai ta juya tana hawa, da yamma ta sake gangarowa. Kunnenta da idonta ana iya yaudararsu, hancinta kuwa a'a.

Direban Grand Junction ya amsa:

Baba ya yi magana, kuma ba ni da bakin gyara masa a kan dabba, amma ina neman izini in saɓa masa a kan rabon lokaci. Da ni ne kai, ƙanena, da na bar tafiyar Oktoba na mayar da kwanakin nan biyu gaban ranar buɗewa, in isa Alhamis, farauta ta fara Asabar. Dalilina shi ne ƙarshen Oktoba zangon bindiga na biyu yake gudana, kuma yankin nan yana cika da masu neman elk, wata ƙatuwar dabba mai ƙaho dangin barewar nan, don haka duk abin da ka gani kafin su shigo zai canja bayan sun yi kwanaki suna ruri da motoci. Safiya biyu na kallo dab da buɗewa sun fi mako guda a wani watan.

Sai maganar hanya, wadda ita ce sana'ata. Ƙasar ƙasan tudun nan yumɓu ce. In ta bushe ko ƙaramar mota tana bi, amma in dusar ƙanƙara ta narke da hantsi sai ta koma kamar sabulu, ta cike zanen taya, motar ta riƙa tafiya a karkace ko da kana da giya mai jan ƙafa huɗu. Wata shekara na shiga da asuba ƙasa tana daskare, na yi murna hanya ta yi kyau, da azahar na juyo sai a-kori-kurata ta zame ta kwanta cikin rami, ban fita ba sai washegari da sanyin safe ya sake daskarar da laka. Tun daga ranar ba na hawa sai da sarƙar taya huɗu, shebur, igiyar ja, ruwa da abincin kwana biyu fiye da lissafina. Ka gwada ɗaura sarƙar a ƙofar gidanka tun yanzu, kada ranar farko ta zama cikin duhu da yatsu a sandare. Ka kuma sauke taswirar hanyoyin mota ta hukumar gandun daji, domin ba duk hanyar da ka gani a ƙasa aka yarda a bi da mota ba.

Iyaka ma ba abin wasa ba ce. A Kolorado mai gona ba dole ne ya kafa allo ko shinge ba, kai ne doka ta ɗora wa sanin inda kake, kuma ƙasan yankin nan filayen gwamnatin tarayya a cakuɗe suke da na mutane, daidai inda barewa take son sauka. Ka sa onX Hunt, manhajar taswira mai nuna iyakokin filaye, ko makamanciyarta a waya, ka sauke taswirar tun kana gari saboda babu sabis a kwazazzabo. Ko dabbar da ka harba ce ta tsallaka gonar wani, sai ka nemi izini kafin ka bi ta. A sama kuma hanyar Divide ita ce ta raba yankinka da na 61, kuma lasisinka ba ya aiki a ɗaya gefen ko da taku goma ne.

Abin da sabon shiga yake mantawa: riga da hula da doka ta wajabta, masu launin lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli, inci murabba'i 500 a saman ƙugu, kuma mai zanen sojoji ba ta shiga lissafi. Ba a ajiye harsashi a bakin bindiga cikin mota, ba a harbi daga kan titi ko a ƙetare shi, ba a leƙen dabba da jirgi marar matuƙi. Harbi yana halatta daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, kuma a Nuwamba wajen ƙarfe biyar rana ta faɗi. Sannan ka bar harbi daga kan tebur a filin koyo. Ka koma yi a kwance da bindiga kan jakarka, da a zaune, bayan ka yi ɗan gudu kana haki, ka gano nisan da kake sa harsashi cikin faranti kowane lokaci. In yadi 200 ne, to 200 ne, kome girman abin da ya tsaya a 350.

Bakatsinen Aurora ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Baba, Allah ya ƙara girma. Yaya, na gode, sarƙar taya ko a mafarki ba ta zo mini ba. Zan yi tafiya ɗaya a Satumba kamar yadda Baba ya ce, sauran kwanakin in ajiye su gaban buɗewa. Saura abu biyu da suke damuna. Na farko, in Allah ya ba ni sa'a ina mil biyu daga mota ni kaɗai, yaya zan yi da dabbar da ta fi ni nauyi? Na biyu, in na iso na tarar ta riga ta mutu ban yanka ba, mene ne hukuncin naman? Na kuma ji ana maganar wata cuta da ake gwada kawunan barewa saboda ita.

Malam na Fort Collins ya amsa:

Malam Bakatsine, barka da wannan rabo. Zan fara da hukunci. Asalin mas'alar yana cikin aya ta 4 ta Suratul Ma'ida da hadisin Adiyyu ɗan Hatim, inda aka halatta abin da makami ya huda in an ambaci sunan Allah, aka hana abin da ya mutu saboda bugu kawai. Malaman Malikiyya na baya sun sanya harsashi cikin abin da yake hudawa ya zubar da jini. Don haka za ka yi niyya, ka yi bisimilla lokacin da za ka ja kunama, ba bayan dabba ta faɗi ba. In ka iso ka tarar ta cika, ta halatta; in ka tarar da sauran rai a jikinta kuma kana da ikon yankawa, sai ka yanka, kuma saboda haka wuƙarka ta kasance a ƙugu, ba a ƙasan jaka ba. Sai dai ka kusance ta ta baya, ka lura da ƙaho da kofato, in tana da ƙarfin tashi ka ƙara mata harsashi tukuna. Asuba a wannan lokacin tana shiga bayan ƙarfe biyar kaɗan, ni nakan yi alwala a tanti da ruwan da na ɗumama, in yi salla a gindin tudun, sannan in hau.

Game da ɗauka, ba za ka ja ta ɗungurungum ba. Da farko ka sa hannu a takardar da take manne da lasisinka, ka cire ta ka ɗaura kamar yadda aka rubuta a jiki. Sannan ka feɗe gefe guda a inda ta faɗi, ka cire cinya da ƙafar gaba, ka zare dogon naman da yake kwance gefen ƙashin baya da ɗan ƙaramin na ciki, ka juya ta ka yi haka a ɗaya gefen. Waɗannan doka ta hana a bar su a daji, kuma ni nakan ƙara da naman wuya da na haƙarƙari. Dole ne ka bar shaidar cewa namiji ne manne a jikin cinya guda har ka isa gida. Ka zuba a buhunan yadi masu shan iska, ba leda ba, ka rataye a inuwa. Sanyin Nuwamba zai yi maka rabin aiki. Babban namiji yakan ba da nama fam 50 zuwa 70 in an cire ƙashi, wato sawu biyu ga mai matsakaicin ƙarfi. Ka tuna kana hawa ne da kaya a wurin da iska ba ta da kauri, don haka kafin ka harbi abin da yake ƙasan kwazazzabo ka dubi hanyar fitowa. Tun yanzu ka fara tafiya da jaka mai nauyi a bayanka.

Cutar kuwa, a nan kusa da mu aka fara gano ta a 1967, a jikin barewar da ake tsare da su a wata cibiyar bincike. Tana cinye ƙwaƙwalwar dabba a hankali har ta rame ta mutu, kuma abin da yake haddasa ta wani gurɓataccen furotin ne da dafuwa ba ta kashe shi. Dabba tana iya ɗauke da ita fiye da shekara tana kama da mai lafiya. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ba da shawarar kada a ci naman da gwaji ya nuna yana da ita. Hukumar tana wajabta gwaji a wasu yankuna kowace shekara kuma tana aiko wa masu lasisin wasiƙa, don haka ka duba littafin dokokin bana. Ko ba a wajabta maka ba, ka kai kan a gwada, ka ajiye naman a firiza da alama har sakamako ya fito. Na san mu ba ma barin kai da ƙafa, amma a nan ka haƙura da ƙwaƙwalwa, da ido, da saifa, da lakar ƙashin baya, kuma kada ka sare ƙashin bayan da wuƙar da kake yanka nama. Cinyar ba ta da kitse, tana yin kilishi mai kyau ƙwarai in ka samu ƙuli-ƙuli a shagon 'yan Afirka.

Baba Maharbi ya ƙara da cewa:

Direba ya fi ni gaskiya a kan Oktoba, ka bi tasa. Ƙari guda a kan abin da na faɗa: in ka ga garken mata a Nuwamba kada ka tashi don babu namiji a ciki, ka zauna da su, ka dawo musu da yamma, ka dawo washegari, domin a wannan makon shi ne yake nemansu. Kuma wannan barewar in ta firgita tana tsalle da ƙafa huɗu lokaci guda, sau da yawa takan tsaya can gaba ta waiwayo, musamman ƙananan maza. Kada ka harba tana tsalle, ka shirya ka jira waiwayen. Kafin ka hau, ka rubuta wa iyalinka sunan hanyar da za ka bi da ranar da za su ji muryarka. In ka dawo daga tafiyar Satumba ka turo mini hoton tuddan ukun ta saƙon sirri, ba a nan ba, in duba maka wanne rana za ta dame ka a ido.